Lahadin da Wayar Gwaggo Ta Yi Shiru

3 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ka, gaisuwar ƙanwa da ta yi wata bakwai ba ta ga ko ƙeyarka ba. Ya aiki, ya sanyin duwatsu? Gwaggo ta ce in tambaye ka ko tarin nan ya sake ka, wai ta ji shi a muryarka ranar Lahadi kana dannewa. Mu lafiya lau muke. Ƙafarta ta yi sauƙi, idon ne dai ke ƙara ja baya. Yanzu ba ta gane fuskata sai na yi magana, amma takuna ta san shi tun daga matattakala.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Kamfanin waya ya liƙa takarda a ƙofar shigowa, wai ƙarshen wata za su kwashe tsofaffin layukan unguwar nan gaba ɗaya. Wayar girken Gwaggo tana ciki. Da na karanta mata sai ta ce, “To Dogo fa, ta ina zai same ni?” Har yau da sunan nan take kiranka. Can wurin aikin dam ɗinku babu sabis na wayar hannu, minti biyar ɗin da ofis ke ba ka ranar Lahadi kuwa lamba ɗaya tak suka yarda ka rubuta, tata. Ni ma abin ya shafe ni. Daga safe zuwa la'asar ina kantin magani, ita kaɗai ce a ɗaki, wayar nan ce kawai tsakanina da ita. Ta san maɓallanta da yatsa. In ta danna ɗaya ni ce, biyu motar asibiti.

Na je ofishinsu. Matar da ke wurin ta ce lambar ba za ta canza ba, sai dai maganar ta koma bi ta intanet. Na gaya mata gidanmu gidan haya ne, ɗaki bakwai muke, waifai ɗaya muke sha gaba ɗayanmu, akwatinsa kuma yana bene a ɗakin Malamin Lissafi. Ta ce ba komai, hanya uku ce. Bari in jera maka kamar yadda ta faɗa mini.

Na farko a zuba lambar cikin wayar hannu. Wannan ka san ba zai yiwu ba, wadda ka saya mata bara har yau tana cikin kwanon maɓallai, ta ce gilashi ne ba waya ba. Na biyu ɗan akwati ne kamar sabulu, a soka tsohuwar wayar a jikinsa, shi kuma ya kama waifan gida. Shi ya fi sauƙi, a rana ɗaya ake gamawa. Na uku ma akwati ne, amma yana da sim nasa da batir, idan waifai ya faɗi ko aka ɗauke wuta sai ya koma kan sim ɗin da kansa. Shi sai an jira mai sakawa, mako uku ko fiye.

Na sa maka takardar tallarsu cikin ambulan, kai da ka san kan inji ka duba. Ni kaina ya ɗaure. Ka ba direban motar da ke kai muku abinci amsa a wannan zuwan, kada ta juyo babu.

Ƙanwarka,
Auta

*

12 ga Maris

Auta,

Na sami saƙonki, na gode. Lafiyata ƙalau, tarin ƙura ce kawai ta ramin da muke haƙa, ki gaya wa Gwaggo ta daina sauraron ƙirjina ta waya kamar likita.

A tsaye nake rubutun nan a kan murfin injin mota, direba yana ta danna mini oda. Na karanta takardar kamfanin sau uku. Ki ɗauki na biyun. Kada ki tsaya shawara da kowa, kada ki duba wahala ko tsada, na biyun shi ne zai bar ni in runtsa. Matar nan ita ta riƙe mu tun ba mu san hagu da dama ba, ba za mu bar ta da waya ta wasa ba.

Ki matsar da teburin wayar kusa da ƙofar ɗakinta, igiyar nan tana ratsa hanya. Ki gaishe da Malamin Lissafi da Mai Ɗinki ta ɗakin kusa da ku.

Yayanki

*

24 ga Maris

Yaya,

Barka da aiki. Muna nan lafiya, sai ɗan mura da ya taɓa ni, shi ma ya wuce.

An gama. Na ɗauki na biyun kamar yadda ka ce, kuma gaskiya na ji daɗi da ka zaɓe shi, don ba sai mun jira kowa ba. Na karɓo akwatin ranar Alhamis, Malamin Lissafi ya sauko da tabaransa ya sa masa lambar sirrin waifai, 'yar fitilar jikinsa ta yi kore, shi ke nan. Gwaggo ta ɗaga kan wayar ta kara a kunne, da ta ji ƙarar nan tuuu sai ta ce, “Ashe tana da rai.” Ta danna ɗaya, wayata ta yi ƙara a aljihuna muna tsaye ɗaki ɗaya, ta yi ta dariya har da tafi. Ranar Lahadi ina kanti lokacin da ka kira, amma ta ce muryarka ta fito tangaran, har ta ji wani yana maka tsiya a bayanka.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da yake sosa mini rai. Shekaranjiya aka ɗauke wuta da yamma, na wuce ta gaban teburin na ga akwatin ya yi duhu. Na ɗaga wayar, shiru kamar na kara takalmi a kunne. Tsohon layi ko wuta ta kwana uku babu yana nan. Minti arba'in aka yi kafin a dawo da ita, ni kuwa ina tsaye ina kallon Gwaggo tana gyangyaɗi, ina tunanin da rana ce fa, ina kanti? Na ce wa kaina Yaya ya fi ni sanin inji, tunda ya ce wannan, akwai dalilinsa. Mai sim da batir ɗin dai na so shi a raina, amma ka ce kada in tsaya shawara.

Teburin ta hana ni taɓawa. Ta ce taku tara ne daga gadonta, idan na matsar da shi sai ta sake koyon gidanta.

Ka kula da kanka, an ce ruwa ya yi ƙarfi a wajenku.

Auta

*

Litinin, 3 ga Afrilu

Auta,

Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya. Na rubuta haka ne kawai don haka ake farawa.

Jiya Lahadi na kira ƙarfe sha ɗaya kamar kullum. Ba ta yi ƙara ba. Wata murya ce take cewa lambar ba ta samuwa. Na sake, na sake, har sau shida, minti biyar ɗina suka ƙare a haka. Na roƙi akawun ofis ya bar ni in buga taki, ya juyo mini da na'urar ya nuna mini, lambar da aka rubuta wa mutum ita kaɗai take fita, canzawa sai daga babban ofis. Na ce ko wuta aka ɗauke. Sai na tuna ai na zaɓa mata mai batir, wuta ba za ta hana shi ba. To me ya hana?

Yau da safe motar abinci ta iso da wasiƙarki. Na karanta a bakin sito, sai da na zauna a kan buhun siminti. Auta, na biyun da ke cikin takardar kamfani nake nufi! A takardarsu mai sim da batir shi ne na biyu. Na ɗauko wasiƙarki ta farko na duba, na ga ke kin sa shi na uku. Ban lura ba wallahi, idona yana kan takardar, direba yana oda. Kalma uku ce da na ƙara, mai sim ɗin, da duk wannan bai faru ba. Ki je ki canza shi a ranar da kika karanta wannan. Kada ki kai gobe.

Laraba.

Motar ba ta tafi ba. Ƙasa ta zaftare a kan hanya bayan shigowarta, wajen gada ta biyu, an ce tsawon filin ƙwallo. Direban yana nan tare da mu yana cin abincin da ya kawo. Takardar nan tana aljihuna.

Jiya na ɗaura bel ɗin injin a juye, abin da ban taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya. Shugaban aikinmu ya dube ni ya ce in je in wanke fuska. Ina ta lissafa abubuwa masu sauƙi, ko akwatin ne ya lalace, ko wani ya yi tuntuɓe da igiya ya zare. Sai zuciyata ta ce, idan haka ne ai Auta za ta gyara, kuma Gwaggo ba za ta bar ta ta zauna ba. Daga nan sai tunanin ya tafi inda ba na so. Ina ganin barandar nan, ina ganin tabarmar ƙofar banɗaki da take zamewa, wadda na ce zan buga mata ƙusa ban buga ba.

Lahadi, 9 ga wata.

Ƙarfe goma ina ƙofar ofis. Kwaɗo na tarar. Man janareta ya yi ƙasa, an ce a bar shi wa famfunan da ke janye ruwa daga rami, babu waya sai hanya ta buɗe. Na tsaya a wurin har sha ɗaya ta wuce, ban san me nake jira ba. Idan tana lafiya, yanzu tana zaune a kujerarta da hannu a kan wayar. Idan ba ta lafiya, ke kina ina, wa ke tare da ke?

Gobe mutum huɗu za su bi ta kan zaftarewar da ƙafa su tari mota a wancan gefen. Na nemi in bi su, an hana, wai ni kaɗai ne makanikin famfo da ya rage. Zan ba ɗayansu wannan. Ko me ya faru ki rubuta shi a layin farko, kada ki fara da gaisuwa.

Yayanki

*

14 ga Afrilu

Yaya,

Gwaggo tana da rai. Tana asibiti, ƙashin kwankwasonta ya karye, an yi mata aiki, tana magana, tana ci. Yanzu ka ja numfashi, sannan in gaishe ka. Ya kake? Na rubuta maka tun washegarin abin, wasiƙar tana can jibge a ma'ajiyar kamfaninku tare da ta kowa. Taka kuwa jiya wani mutum mai taɓo har gwiwa ya kawo mini ita kanti da hannunsa.

Ga yadda aka yi. Ranar Asabar, ana gobe Lahadin da ka kira ba ka samu ba, Malamin Lissafi yana shigar da sakamakon jarrabawa, waifai yana ta jan ƙafa. Ya duba ya ga wayoyi kusan talatin a kai, ashe masu shagunan bakin titi duk sun sami lambar sirrin. Sai ya canza ta, ya bi ɗaki ɗaki ya ba kowa sabuwa a 'yar takarda. Ni ma ya ba ni. Na sa a wayata, na ce masa na gode, na ci gaba da wanke-wanke. Ko kaɗan ban kawo akwatin a raina ba, Yaya. Fitilarsa ta koma ja, yana bayan gwangwanin furen nan, ban gani ba. Abin da ya fi muni, idan ka ɗaga wayar tana ba ka tuuu ɗinta kamar lafiya, akwatin ne ke yin ƙarar da kansa ko babu komai a bayansa.

Washegari Lahadi da safe na tafi kanti. Wajen ƙarfe goma Gwaggo ta shiga wanka, ka san ba ta karɓar kiranka sai ta yi wanka ta shafa turare. Da ta fito santsi ya kwashe ta a baranda. Ba tabarmar ba ce, na ɗauke ta tun watan jiya, ruwa ne ya zuba daga bokiti, kada ka ɗora wa kanka. Ta ja jiki da gwiwar hannu har gindin teburin, ta kama mayafinsa ta ja, wayar ta faɗo mata a kafaɗa. Ta danna ɗaya. Ta danna biyu. Kowanne sai ya yi ɗan ƙis ya yi shiru.

Ni kuwa na kira ta sha biyu saura, aka ce ba ta samuwa, na ce ko kai ne har yanzu a kan layi. Kanti ya cika, wata mata tana kuka da takardar maganin mijinta. Ƙarfe ɗaya na sake kira, haka.  Na buga wa Mai Ɗinki, ta ce tana wancan gefen gari ta kai kaya. Na buga wa Malam, wayarsa a kashe. Na cire rigar aiki na fita ban ma gaya wa mai kanti ba, mota ta ƙi samuwa, na yi rabin hanyar da gudu.

Na tarar da ƙofarmu a ɓalle. Malam yana durƙushe a baranda ya lulluɓe ta da bargon gadona, yana ta cewa “Sannu Gwaggo, ga mota nan zuwa.” Ashe tun sha ɗaya da rabi take buga kan wayar a jikin bututun ruwan da ya hau bene. Ya ce yana ji, ya ɗauka mai gyaran famfo ne a wani ɗaki. Sai da ya lura bugun uku uku ne, a huta, a sake, kuma yana ƙara rauni, sannan ya sauko. Awa uku da rabi tana kan siminti da jiƙaƙƙen zane. Leɓenta ya yi fari. Da ta ji takuna ta ce, “Auta, wayarku ta yi mini ƙarya.”

A cikin motar asibiti Malam ya tambaye ni me ya sa ba ta kira kowa ba. Ina buɗe baki zan ba shi amsa na ga fuskarsa ta canza, ya gane kafin in faɗa.  Kullum yanzu sai ya zo bayan an tashi makaranta, ya zauna a bencin waje, da ƙyar yake shiga.

Lahadin da ta wuce na dawo gida, na sa wa akwatin sabuwar lambar, na zauna a kujerarta daga goma da rabi har azahar don in gaya maka da bakina. Ba ka kira ba. A rediyo kuma sun ce ƙasa ta rufta a hanyar wani dam, ba su faɗi ko da mutane a ƙarƙashi ba. Na koma asibiti na ce mata mun gaisa, kana lafiya. Ta juyar da kai bango ta ce, “Muryarki ba ta iya ƙarya ba.”

Maganar na biyu da na uku, na sake karanta wasiƙarka ta farko yanzu. Ka rubuta a fili cewa takardar kamfani ka karanta sau uku. Ni ce na tsallake layin, idona ya tafi kan abin da ya fi mini sauƙi. Na riga na rubuta sunanmu a mai sim ɗin, mai sakawa zai zo kafin a sallame ta. Amma ko an saka, ban san yadda zan sake juya baya in bar ta a ɗakin nan ba.

Auta

*

19 ga Afrilu

Auta,

Na karanta layin farko sau ban san adadi ba kafin in iya wucewa na biyu. Alhamdu lillahi. Lafiyata lau, babu wanda ƙasa ta danne, hanya ta buɗe jiya ga ƙananan motoci.

Kada mu tsaya rabon laifi, ni da ke da Malam kowa ya ɗauki nasa ya isa. Ki ce masa ya daina zaman benci, ai shi ya ɓalle ƙofar ya cece ta. Idan an saka sabon, ki zare waifai da gangan ki gwada, ki kashe wutar ɗakin ki sake gwadawa, kuma ki ba Mai Ɗinki makulli. Na nemi hutu, sun ce sai wanda zai canje ni ya iso, kwana goma ko sha biyu. Na kuma cika takardar a mayar da lambata ta Lahadi zuwa taki, ki kai mata kunne a asibiti.

Yayanki

*

25 ga Afrilu

Dogo,

Ni ce Gwaggonka, Auta ce ke rubutawa, na ce mata ta sa yadda na faɗa kada ta gyara mini baki. Ina gaishe ka. Jiki da sauƙi. Sun ba ni wani ƙarfe mai ƙafa huɗu wai in koyi tafiya, ni da na koya muku.

Na ji ana ta maganar akwati, wannan ya ce na biyu, wancan ya ce na uku. Ku saka wanda kuka ga dama. Ni abin da nake so ka sani daban ne.

Da na faɗi ban ji tsoro ba. Ciwo akwai shi, amma na ce a raina ai yau Lahadi ce, sha ɗaya Dogo zai kira, in gaya masa, shi ya san yadda zai yi ko daga ina yake. Na rungume wayar ina jira. Na ji agogon Malam ya buga sha ɗaya ta saman kaina. Na ƙirga har ɗari biyar. A nan ne tsoro ya shige ni, don wata takwas ba ka taɓa saɓa mini minti ɗaya ba. Ban kawo lalacewar waya ba, tunda tana ta yi mini kukanta a kunne. Na ce dutse ya faɗo wa yaron nan. Duk bugun bututun da na yi, so nake wani ya zo ya tambayo mini labarinka.

Da hannuna ya gaji sai na kara wayar na yi ta yi maka magana. Na san ba ka ji, na yi dai. Na gaya maka abubuwa da yawa, har da wanda shekara talatin ina riƙe da shi game da mahaifinku da ranar da aka kawo mini ku. Ba mugun abu ba ne, kada ka tayar da hankalinka, amma na ga saura kaɗan in tafi da shi.

Ba zan faɗe shi a waya ba, minti biyar ba ta isa. A takarda ma ba zan faɗa ba, ga mai rubutun nan ta tsayar da biro ta baza kunne. Ka zo ku zauna ku biyu a bakin gadon nan in faɗa sau ɗaya. Kada ka tsaya sayen tsaraba a hanya.

Gwaggonka